Me Ya Kai Liman Yankari?

Wata biyar ke nan da na kwashi yara bakwai da mata biyu muka je Yankari muka dawo, amma har yau maganar ba ta mutu ba. A rumfa ana tambayata, a ƙofar masallaci bayan Isha'i ma ana tambayata. Wasu so suke su san hanya da abin da za su kashe. Wasu kuma gani suke abin bai dace da mai jan salla ba, balle a shekarar annoba. Kowanne yana da haƙƙin a ba shi amsa. Shi ya sa da masu wannan mujalla suka ce in kawo rubutu, na ce to, bari in zauna in faɗi maganar sau ɗaya in huta da maimaici.

Sai na fara da yaran, don saboda su aka yi tafiyar. Huɗu daga cikinsu 'ya'yan yayana ne, Allah Ya jiƙansa, uku nawa. Babbansu an haife shi a 2008. Ku lissafa da ni abin da yaron nan ya gani a garin nan. Yana shekara huɗu aka kai hari kasuwar shanu, a watan Mayu na 2012. Yana shekara biyar aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, aka yanke layin waya, muka koma aika saƙo ta bakin direba kamar zamanin kakanni. Yana shekara shida bam ya tashi a makarantar kimiyya ana tsaye a layin safe, a watan Nuwamba na 2014. Yaron da ya tashi a haka, abin da ya fi sani a duniya shi ne ƙarfe nawa ake rufe ƙofa. Yawon da ya sani bai wuce na Sallah ba, a je ƙofar fada a ga dawaki, a sha alawa, a dawo kafin magariba. Mu da muka yi ƙuruciya a da, an kai wasunmu gidan zu na Kano, mun hau mota mun je Jos ba tare da uwa ta kwana tana kuka ba. Su ba su samu wannan ba. Kuma daidai lokacin da gari ya fara lafawa, mutane suka fara sakin jiki, sai ga korona.

Ba sai na ba ku labarin 2020 ba, tare muka sha ta. An samu mutum na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, an sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja. A watan Afrilu aka kulle Kano, inda rabin kayan rumfunanmu ke fitowa. Daga 4 ga Mayu aka sa dokar hana fita ta ƙasa baki ɗaya, daga takwas na dare zuwa shida na safe, ga kuma hana ƙetare iyakar jiha. Mu a nan ba a yi mana kulle irin na Kano ba, amma ɗan kasuwar da ba ya iya zuwa Kwari ko Singa, ai an kulle shi ko da ƙofarsa a buɗe take.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne makonnin azumin shekarar. Ni ba babban limami ba ne, masallacin unguwa nake ja in na dawo daga kasuwa, amma a watan nan na tsaya a gaban gawa fiye da yadda na tsaya a shekara biyu kafin shi. Dattawa ne yawanci. A Gashuwa da Nguru haka, a Azare haka, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Yayana yana cikinsu. Zazzaɓi ne da tari na kwana shida, ranar ta bakwai muka kai shi makwanci, saura kwana goma Sallah.

Shi yayan nawa ya taɓa zuwa Yankari sau ɗaya tak, yana saurayi, lokacin yana yaron mota. Amma wallahi yadda yake ba da labarin wurin sai ka ce can aka yanke masa cibi. Ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, kana ganin yatsun ƙafarka a ƙasa kamar a cikin kwano. Birin da ya sace masa hula. Shekara da shekaru yana ce wa yaran bana zan kai ku, bana zan kai ku, hanya ba ta ba da dama ba. A farkon 2020 ya ce musu to bana kam bayan Sallah babu fashi. Bayan an share makoki, autarsa, 'yar shekara shida a lokacin, ta same ni a zaure ta ce, "Baffa, yanzu waye zai kai mu wurin giwa?" Na ce ni ne. Ba wani dogon tunani na yi ba. Amma tunda na faɗa, ya zama bashi, kuma bashin maraya ba a wasa da shi.

To me ya sa sai bayan wata goma? A nan ne nake so masu cewa na yi gaggawa su saurara. A lokacin da na yi alkawarin, hanya a rufe take bisa doka. Na san akwai masu wucewa, kowa ya sani, ana miƙa ɗan abin da aka miƙa a shinge a wuce, wasu su bi ta daji a babur. Wanda yunwa ta kora ya bi hanyar nan ban ce masa komai ba. Amma a ce ni da ke tsayawa a gaban mutane ina cewa a wanke hannu a rage musabaha, in ɗebi yara in saya musu hanya da cin hanci don su je kallon namun daji? Wannan kam a'a. An ɗage dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli, amma damina ta riga ta sauka, kuma duk wanda ya san daji ya ce mini da damina ciyawa ke rufe komai, dabbobi su watse tunda ruwa ko'ina akwai, sai ka yi yini ba ka ga ko gada ba. Muka sa ranar hutun Disamba. Ana saura 'yan kwanaki cutar ta sake tasowa karo na biyu, kwamitin shugaban ƙasa da Boss Mustapha ke jagoranta ya fito ranar 21 ga Disamba ya ce jihohi su rufe wuraren shaƙatawa da na taruwa har mako biyar. Na tara yaran na ce an ɗaga. Ranar an sha kuka a gidan, har da waɗanda suke ganin sun girmi kuka.

Wanda ya yi karatun Islamiyya ya san ƙissar Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya kai wani wuri da ake kira Sargu, Abu Ubaida da sauran shugabannin runduna suka tare shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da Muhajirai, ya yi da Ansaru, ra'ayi ya rabu, daga ƙarshe ya juya da mutanensa Madina. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya tabbatar da hukuncin: ba a shiga garin da annoba take, wanda ke ciki kuma ba ya fita don gudunta. Wannan rabin ƙissar kowa na kawo shi, ni ma na kawo shi ya fi a ƙirga a 2020. Ragowar ce ba a cika faɗa ba. Bayan annobar ta ɗauke, wadda ta tafi da Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, Umar ya sake ɗaura sirdi ya tafi Sham ɗin, ya je ya daidaita al'amuran mutane da gadon waɗanda suka rasu. Ni abin da na fahimta, yadda tsayawa ke da lokacinta haka tafiya ma, kuma sanin lokacin aikin masu ilmin abin ne da hukuma, ba aikin zuciyata ba. Zuwa watan Maris na 2021 yara sun koma makaranta tun Janairu, adadin da NCDC ke sanarwa kullum ya yi ƙasa sosai, allurar rigakafi ta iso Abuja ranar 2 ga wata. Ga rani ya tsaya, ga azumi na tafe a tsakiyar Afrilu. Na ce in ba yanzu ba sai wata shekara.

Muka tashi ranar Juma'a bayan an sauko, a bas ɗin wani maƙwabci da ya ba ni aro in zuba mai. Na bar wa na'ibi masallaci. Hanyar ita ce wadda kuka sani, Kari, Darazo, Bauchi. Daga Bauchi sai a ɗauki hanyar Gombe, a Dindima a karya dama a miƙe har Mainamaji, inda ƙofar shiga take. Da yake mun makara, sai muka kwana a wani otal a hanya, wanda ba zan faɗi sunansa ko garinsa ba. Ina son in ɗan tsaya a kansa don abin da na gani a can shi ne hoton yadda muka riƙi dokar korona a wurare da yawa. A bakin ƙofa ga bokiti mai famfo, babu ruwa a ciki, ƙura ta yi masa rawani. Ga maigadi da na'urar auna zafin jiki irin mai kama da bindiga. Ya ɗora wa kowannenmu a goshi ɗaya bayan ɗaya, har jaririn da ke goye, yana cewa wuce, wuce. Babban yaron nan mai ido ne, ya raɗa mini, "Baffa, abin fa ba ya kawo wuta." Na duba, babu batir. Na ce wa maigadin, "Malam, wannan ai ba ta aiki." Ya ce, "Alhaji, an ce dai in riƙa nunawa." Ban ga laifinsa ba, wata nawa ya yi ba albashi. Amma na umarci matan su fito da sabulunmu da butocinmu, muka buɗe tagogin ɗakunan, abinci kuma muka ci wanda muka taho da shi.

Da safe muka isa Mainamaji. Nan aka rubuta sunayenmu da lambar mota, muka biya kuɗin shiga, kowa da takunkuminsa a fuska. Mutane da yawa suna zaton da ka shiga ƙofa ka iso. Ina! Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai ce a cikin daji, ba gida ba gona. Gandun gaba ɗaya ya haura murabba'in kilomita 2,200, a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe shi tun 1956, zamanin Turawa, aka buɗe wa masu ziyara a watan Disamba na 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi, a 2006 ya koma hannun jihar Bauchi. A cikin motar nan yaran da suka cika mana kunne tun daga Potiskum suka yi tsit. Autar ta ce, "Baffa, ina mutanen garin?" Na ce nan garin dabbobi ne, mu ne baƙi.

Masu tarbar baƙi a Wikki kuwa gwaggon biri ne da gadu. Suna yawo a tsakanin ɗakuna kamar awakin unguwa. Gadu ba ruwansa da kowa, ya durƙusa a gwiwoyinsa na gaba yana kiwo, in ya tsorata ya ɗaga wutsiya sama ya zura. Biri kuwa ɗan fashi ne mai lasisi. Ma'aikatan sun gargaɗe mu tun kafin mu sauke kaya: a rufe ƙofa da taga, kada yaro ya riƙe abinci a fili, kada a ba su komai. Ba a yi minti goma ba wani ƙato ya fizge ledar burodi daga hannun uwargidana, ya hau kan rufi ya zauna yana ɓare ledar a tsanake yana kallonmu. Matar yayana, wadda tun rasuwar ban ji dariyarta ba, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Malam, jikan wanda ya sace hular ne." Daga nan kuma dariyar ta juye kuka, matan suka shige ɗaki. Ni dai na tsaya ina kallon birin.

Da la'asar muka shiga motar zaga daji, buɗaɗɗiya, da ɗan rakiya. Da rani dabbobin duk suna gangarowa kogin Gaji, don shi ne ba ya ƙafewa, saboda haka hanyoyin kallon suna bin gefensa. Mun ga gwambaza da yawa, mun ga mazo, mun ga garken ɓauna daga nesa sun tsaya suna kallonmu kamar masu bin mu bashi. Mun ga kada kwance a bakin ruwa, da tsuntsaye iri-iri da ban san sunansu ba ko da Hausa. Giwa fa? Mun ga kashinta sabo yana tururi, mun ga sawunta wanda yarinyar nan ta sa ƙafafunta biyu a ciki da sauran wuri, mun ga itatuwan da ta karya kamar an bi da gatari. Ita kanta ba mu gan ta ba. Ɗan rakiyar ya ce wannan sa'a ce, wani ya zo sau ɗaya ya gani, wani ya zo sau biyar bai gani ba. Giwayen da suka rage ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, kuma suna cikin garke mafi girma da ya saura a Nijeriya gaba ɗaya. Na ji tsoron yarinyar za ta ce ban cika alkawari ba. Sai ta ce a ɗauki hoton ƙafarta a cikin sawun, ta kai wa 'yan ajinsu. Shi ke nan, ita ta gamsu.

Hirar da na yi da ɗan rakiyar nan da wasu ma'aikata biyu bayan Magariba, a kan tabarma ɗaya bayan mun yi jam'i, ita ce ta fi zauna mini a matsayina na ɗan kasuwa. Mu muna ganin wurin shaƙatawa kamar wurin masu kuɗi ne. Masu zuwa wataƙila. Amma masu aiki a ciki talakawa ne irinmu: mai shara, mai wanki, mai dafa abinci, direba, mai sayar da lemo da ƙosai a ƙauyukan bakin hanya. Watannin da hanya ta rufu, babu ɗalibai masu zuwa a bas, babu Turawa, babu 'yan Legas, su ma haka suka zauna kamar yadda 'yan kamasho da masu lodi suka zauna a kasuwar shanunmu ranar Larabar da tirela ba ta zo ba. Ga wani abin da ban taɓa tunani ba: masu gadin daji su ba su da hutu ko baƙi sun zo ko ba su zo ba, don mafarauci ba ya jin dokar kulle, yunwa ma ƙara tura shi take yi. Akwai wata ƙungiyar kare namun daji, WCS, da ke tallafa wa sintirin tun 2014 bisa yarjejeniya da gwamnatin jihar. Kwana da kwanaki suke yi a daji a ƙafa, kuma an sha kashe wasunsu a bakin aiki.

Ba mu kaɗai ba ne. Na ji a rediyo cewa gidan wasan Disney na Kalifoniya a Amurka, wanda ya fi kowanne suna a duniya, an rufe shi a tsakiyar Maris na 2020, bai sake buɗewa ba sai 30 ga Afrilu na 2021, fiye da shekara guda. Kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000 a watan Satumba na 2020. Na Shanghai a Sin da aka buɗe a watan Mayu na 2020, ba a yarda a shigar da ko kashi ɗaya cikin uku na mutanen da yake ɗauka ba, kowa da takunkumi, an zana wa kowa inda zai tsaya a layi. In masu wannan dukiya sun girgiza, ina ga mai ƙosan Dindima.

Sai maganar ruwan, wadda na san ita ce ainihin abin da ke damun wasu dattawanmu ko da ba su fito da ita fili ba. Wikki maɓuɓɓuga ce da ke fitowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, ana sauka mata ta matakala mai tsawo. Ɗuminta digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma ana lissafin tana fitar da lita miliyan 21 a kullum, ta gangara ta haɗu da Gaji. Garau take, yashi fari a ƙasa, yadda yayana ya faɗa babu ƙari. Na sani, kuma ba zan ɓoye ba, a lokacin biki da hutun ƙarshen shekara wurin yana cika da maza da mata a cakuɗe, da shigar da ba za ka so iyalinka su gani ba. Ni ma da wannan fargabar na je. Amma a lokacin da muka je mutane kaɗan ne, kuma na tambayi ma'aikatan wane lokaci ne ba kowa. Suka ce da sassafe. Muka yi Asuba, gari na wayewa na sauka da yara maza, suka yi ta iyo a wurin da bai wuce ƙugu ba, ni ina tsaye a kansu. Da muka hau, matan da 'yan matan suka sauka da hijabansu, ni da babban yaron muka zauna a saman matakala muna tsaron hanya. Babu wanda ya zo har suka gama. Matar yayana ta cika gora ɗaya da ruwan ta taho da shi gida. Na ce mata ba Zamzam ba ne fa, ba ya maganin komai. Ta ce ta sani, so take ta ajiye.

Da muka dawo, wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai, wanda ya yi karatu tare da mahaifinmu, ya kira ni gefe. Ba a gaban mutane ya yi mini ba, Allah Ya saka masa. Ya ce, "Liman, abu uku. Ɗan'uwanka ko shekara bai yi a ƙasa ba. Mutane ba su da abin sawa a baki. Sannan shekarar da aka hana mu Ɗakin Allah, ita ce za a ce limaminmu ya tafi kallon biri?" Na ce, "Baba, duk na ji." Kuma maganarsa tana da nauyi. An dakatar da Umara tun ƙarshen Fabrairun 2020, Hajjin 2020 'yan tsiraru ne mazauna Saudiyya suka yi, na 2021 mutum 60,000 ne, su ma mazauna can. A lokacin akwai mutanen unguwar nan da kuɗinsu ke ajiye shekara biyu, wasu sun rasu suna jira.

Amsar da na ba shi ita zan ba ku. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, ta matar ce, kuma ta fita tun kafin ƙarshen damina. Zaman makoki kwana uku ne. Bayan wannan, Shari'a ba ta ɗora wa marayu su zauna cikin baƙin ciki don mutane su ga sun damu ba. Kuɗi kuwa, abin da na kashe duka, mai da ɗaki da shiga da abinci, bai kai kuɗin ragon layya matsakaici ba, daga aljihuna ya fito, ba daga gadon yaran ba, kuma bai rage ko mudu ɗaya daga abin da na saba fitarwa ba. Mu nawa ne a unguwar nan muke kashe ninkin wannan a ɗinkin biki ɗaya ba wanda ya ce uffan? Batun Hajji kuma, rufe hanyar Makka jarrabawa ce da ba mu muka jawo ba, ba kuma za a buɗe ta don yaran gidanmu sun ƙi fita ba. Ya yi shiru, sannan ya jefo mini tambayar malamai: "To, kun yi ƙasaru?" Na gane inda ya dosa. A mazhabarmu, kamar yadda yake a Muhtasar, ƙasaru sunna ce ga mai tafiyar da ba ta saɓo ba, ba kuma ta wasa da shagala ba. Na ce mun yi, raka'a bibbiyu, don ni ban ɗauki cika alkawarin mamaci ga marayunsa a matsayin shagala ba. Ya yi murmushi ya ce zai duba. Har yau bai ce mini ya yarda ba, ni ma ban matsa ba, kuma yana nan a sahun farko a bayana.

Abin da zan ƙara, na ga canji a babban yaron. Da, in ka tambaye shi me zai zama sai ya ɗaga kafaɗa. Yanzu ya dame ni da tambayar wace makaranta ake karatun daji da dabbobi. Ko zai ɗore ko ba zai ɗore ba, Allah ne masani, yaro ne. Amma ya san cewa awa kaɗan daga Yindiski akwai wurin da ake kwana ana jin kukan kura maimakon jiniya, kuma akwai mutane masu sallah irinsa da aikinsu ke nan.

Ga masu tambayar hanya: ku je tsakanin Janairu da Afrilu, ku guji ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara da Sallah in kuna da iyali. Ku nemi ɗaki tun kafin ku tashi, ku tambayi farashin ranar, don yana canzawa. Ku cika tanki a Bauchi. Ku fita da sassafe ku dawo da rana, kada ku yi tafiyar dare, kuma ku tambayi direbobin tasha halin hanya a makon. Akwai kogunan Marshall da tsofaffin rijiyoyin Dukkey da mu ba mu samu lokacin zuwa ba, wanda zai kwana biyu ya nemi a kai shi.

Malaman Islamiyyarmu sun kawo shawarar a haɗa kuɗi a ɗauki bas a kai 'yan ajin sauka da rani mai zuwa, a fara da marayu. Na goyi baya, da sharaɗi. A watan Yuli na 2021 aka sanar da shigowar sabon nau'in cutar da ake kira Delta, adadi kuma ya sake hawa. In lokacin ya zo hukuma ta ce a dakata, za a dakata, a mayar wa kowa kuɗinsa ko a ajiye masa. Malaman da za su raka su kuma su yi rigakafi, ni na yi nawa biyu a asibiti, hannu ya yi tsami kwana ɗaya ya sake. Mai son sa ɗansa ya ga ladan bayan La'asar ya rubuta suna. Kowane yaro ya zo da takunkumi biyu, da buta, da tabarma, da kayan canji. Burodi kuma a bar shi a cikin mota, a ɗaga gilashi.